Kwangilar jiragen ruwa na wasiƙu da ƙasar da ba ta da teku: Nijar tsakanin layin Ingila da na Faransa

Masu rubuta tarihin sufuri a Nijar sukan fara daga raƙumi su ƙare a mota. A wannan maƙala za mu gangara bakin teku, domin a zamanin mulkin mallaka kwanakin da takarda ke yi kafin ta iso Damagaram ko Yamai sun dogara ne da kwangilar da gwamnatocin Turai suka ƙulla da kamfanonin jiragen ruwa masu tururi.

Tsarin kwangilar ba shi da wuyar ganewa. Jirgi mai tururi yana cin gawayi da yawa, kuma a tsakiyar ƙarni na 19 kayan da ake ɗauka a gaɓar Afirka ta Yamma ba su isa su riƙe shi ba. Saboda haka gwamnati ke biyan kamfani tallafi duk shekara, shi kuwa ya ɗauki alkawarin tashi a ranar da aka tsayar, ya tsaya a tashoshin da aka lissafa, ya ɗauki jakunkunan wasiƙu. A kan jerin tashoshin nan ne ake ja-in-ja, don garin da sunansa bai shiga takardar ba sai ya jira abin da maƙwabta suka miƙo masa.

Ingila ce ta riga. A 1852 kamfanin African Steam Ship Company na Macgregor Laird ya samu kwangilar shekara 10, jirgi ɗaya kowane wata, yana tsayawa a Gore, Saliyo, Akara da Ikko har zuwa tsibirin Fanando Po. Daga baya wannan layi ya shiga hannun Elder Dempster na Libaful. Faransa kuwa ta shigo ta bayan gida. Layin Messageries da aka buɗe daga Bordo a 1860 Barazil ya nufa, kuma sai a 1866, bayan an yi aikin tashar Dakar, jiragensa suka fara yada zango a can. Sauran gaɓar ta jira har 1889, lokacin da aka ba Chargeurs Réunis da kamfanin Fraissinet na Marsai kwangilar wasiƙu. Wato akwai ratar shekara 37 tsakanin layin Ingila da cikakken layin Faransa a gaɓa ɗaya.

A duk wannan lokaci babu wata ƙasa mai suna Nijar. Da aka kafa yankin soja a farkon ƙarni na 20, sai ya tarar an riga an raba teku, kuma abin da ya rage a daidaita shi ne yadda za a kai gare ta. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta ba Faransa damar hayar fili biyu a bakin Kwara cikin yankin Ingila. A 1903 aka tsayar da Bajibo da Forkados, amma ba su yi wani amfanin kirki ba. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 sun sake shata iyaka, don ayarin Faransa ya samu hanya mai rijiyoyi daga kogi zuwa Damagaram. A ganinmu, bai kamata a raba karatun waɗannan takardu da na kwangilar jirage ba, tun da hanyar ƙasa ci gaban hanyar teku ce.

Abin da ya rikita lissafin Faransawa shi ne dogo. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar da aka mai da hedikwatar yankin soja Damagaram, kuma a 1912 aka haɗa Kano da Ikko. Tsakanin Damagaram da Kano kimanin kilomita 240 ne, alhali zuwa Yamai kaɗai kusan 900 ne, kafin a yi zancen Dakar ko Kwatano. Ke nan hanya mafi kusa daga hedikwatar Faransawa zuwa Turai ta ratsa ƙasar Ingilishi, ta ƙare a tashar da jiragen Elder Dempster suka mamaye. Doka ba ta hana ba: yarjejeniyar Ban ta 1874, wadda ƙasashen da Faransa ta mallaka suka shiga a 1876, ta tanadi ƴancin ratsawar wasiƙu muddin an biya kuɗin wucewa. Sai dai gwamnatin da ke biyan tallafi ga jiragenta ba ta son ganin jami'anta da kayansu a jirgin abokiyar hamayya.

Da wannan ido ya kamata a ƙara duba mai da hedikwata Yamai a 1926. Ana yawan ambaton ƙarancin ruwa a Damagaram, kuma gaskiya ne. Amma Yamai ta fi fuskantar Dahome, inda jiragen Faransa ke sauke kaya a gadar ƙarfe ta Kwatano. Dogon Dahome dai ya yi nawa: Sabe a 1911, Faraku a 1936, daga nan bai ƙara gaba ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta ci gaba da bin Kano har cikin shekarun 1950.

Harshe ma ya adana wannan rabuwa. Ɗan abin da ake liƙa wa wasiƙa, Bahaushen Kano yana kiransa kan sarki, saboda hoton sarkin Ingila da ke jikinsa, mu kuwa a nan tambur muke cewa, aro daga Faransanci. Kalmar jirgi ita ce ba ta kula da iyaka ba: daga na fito a kogi ta hau teku, ta hau dogo, sannan ta tashi sama. Kuma da jirgin sama ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Kwatano da Yamai a 1935, kamfanin da ya kawo shi, Aéromaritime, reshe ne na Chargeurs Réunis, mai kwangilar 1889.