Kurkuku ko asibiti? Shekara ɗari na ruwan idon Amurka a kan 'yan ƙwaya

1/ Jama'a, yau tarihi za mu taɓa. A 2021 kaɗai mutum sama da 100,000 ne suka mutu a Amurka saboda ƙwaya ta yi musu yawa a jiki, mafi yawansu ta dangin ofiyom. To ina gwamnati ta riƙa zuba kuɗinta tun farko, kurkuku ko asibiti? Ku gyara zama. 🧵

2/ Dangin ofiyom su ne su mofin, hiroyin, kodin, tiramadol da fentanil. Wasu daga tsiro ake tatso su, wasu haɗa su ake yi. Aikinsu kashe raɗaɗi, amma in suka yi yawa numfashi suke tsayarwa.

3/ A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hiroyin a matsayin maganin tari. Eh, Bayer ɗin dai mai Aspirin. A Amurka ta lokacin kanti kawai za ka shiga ka saya, kuma da yawa cikin waɗanda suka kamu matan aure ne da likita ya fara ba su.

4/ 1914 aka yi dokar Harrison. A takarda dokar haraji ce da rajista, amma jami'ai suka fassara ta da cewa likitan da ya ci gaba da ba wanda ya kamu ƙwaya ya yi laifi. A 1919 Kotun Ƙoli ta goyi bayansu. Aka gurfanar da likitoci, aka rufe ɗakunan shan maganin da birane suka buɗe.

5/ An rufe famfo, amma masu ƙishirwa suna nan. Sai suka koma wajen dillalan lungu, daga nan sai gidan yari. Ku riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi.

6/ Da kurkukun tarayya suka cika, a 1935 gwamnati ta buɗe wani katafaren gida a Lexington, jihar Kentucky, rabi kurkuku rabi asibiti. Ana noma, ana jinya, ana bincike. Sai dai mafi yawan waɗanda aka sallama komawa ruwa suke yi.

7/ A shekarun 1960 likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka gwada metadon. Shi ma ɗan gidan ofiyom ne, amma sau ɗaya a rana ake sha, yana kwantar da kwaɗayin, mutum ya iya tashi ya je aiki.

8/ Ga abin mamakin. A watan Yuni 1971 Shugaba Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban maƙiyin ƙasa, ana ma danganta "yaƙi da ƙwaya" da shi. Amma ya naɗa likita, Jerome Jaffe, ya jagoranci sabon ofishi, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi magani.

9/ Kada ku ce tausayi ne ya yi masa yawa. Sojojinsa a Biyetnam suna ta shan hiroyin kuma suna kan hanyar gida, sata da fashi sun addabi birane, ga zaɓe na tafe. Lissafi ya nuna masa cibiyar metadon ta fi kurkuku araha.

10/ Zamanin Reagan reshe ya juye da mujiya. Dokar 1986 ta ce giram 5 na dunƙulen hodar iblis daidai yake da giram 500 na garinta: shekara biyar a gidan yari, ba ragi. Dunƙulen kuwa a unguwannin baƙaƙen fata ya fi yawa. Kuɗi ya koma wajen 'yan sanda da gina kurkuku.

11/ Sai 1996. Kamfanin Purdue Pharma na iyalan Sackler ya fito da OxyContin, 'yan tallarsa suna gaya wa likitoci cewa haɗarin kamuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yankunan masu haƙar kwal, inda ciwon baya ya zama ruwan dare, su suka fara ɗanɗana kuɗarsu.

12/ Misali ɗaya ya isa. Kermit, wani gari a West Virginia mai mutane kusan 400, an tura wa kantin magani ɗaya a cikinsa ƙwaya kusan miliyan 9 cikin shekara biyu. A 2007 Purdue ya amsa laifin yaudara, aka ci shi tarar sama da dala miliyan 600, ya ci gaba da kasuwa.

13/ Wajen 2010 aka matsa wa likitoci, aka kuma sauya OxyContin yadda zai yi wuyar niƙawa. Kun tuna 1914? Haka aka maimaita. Mutane suka koma hiroyin, daga 2013 kuma fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50.

14/ A wancan lokacin da yawa cikin gawarwakin na 'ya'yan fararen fata ne na karkara, masu ƙuri'a. Nan da nan harshen 'yan siyasa ya sauya, "mai laifi" ya koma "majinyaci". Baƙaƙen fata da dama sun tambaya: ina wannan tausayin yake a 1986?

15/ Kuɗi ya fara fitowa. A 2016 Obama ya sa hannu a dokar da ta ware wa jihohi dala biliyan 1 na shekara biyu. A 2017 Trump ya ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya. Daga 2018 aka kafa tallafin jihohi da ya kai kusan dala biliyan 1.5 duk shekara. Inshorar talakawa, Medicaid, ita ma ta ɗauki babban kaso na jinyar.

16/ Me ake yi da kuɗin? Wayar da kai a makarantu. Metadon da bufrenofin, waɗanda bincike ya nuna suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Raba nalokson, mai farfaɗo da wanda numfashinsa ke tsayawa. Sai masauki da sana'a ga wanda ya daina, don kada ya koma majalisar da ta kayar da shi.

17/ Kotu ma ta kawo nata. A 2022 Johnson & Johnson da manyan dillalan magani uku suka amince su biya dala biliyan 26, da sharaɗin aƙalla kashi 85 cikin 100 ya tafi magance matsalar. Dalili? A 1998 kamfanonin taba sun yarda su biya dala biliyan 206, jihohi suka cike giɓin kasafinsu da shi, rigakafin taba ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

18/ A 2023 aka yarda a sayi Narcan ba takardar likita. A 2024 mace-macen suka sauko zuwa kusan 80,000. Masana na ganin dalilan suna da yawa, magani da nalokson na ciki. Duk da haka a 2021 kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai na waɗanda suka kamu ya samu maganin da ya dace.

19/ Mu dawo gida. A watan Mayu 2018, bayan rahoton BBC, Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken ƙasa na shekarar ya ce mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye, miliyan 4.6 cikinsu na shan irin su tiramadol ba don ciwo ba.

20/ Hanawar ta yi kyau, amma ina aka kai waɗanda suka riga suka kamu? A 2019 'yan sanda sun fasa gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka fito da mutane cikin sarƙa. Da yawa iyayensu ne suka kai su, don ba su ga wata ƙofa ba.

21/ Amurka mai kuɗi ta shekara ɗari kafin ta fara gane cewa kama dillali rabin aiki ne. In ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: nawa aka ware wa jinyar masu shaye-shaye a kasafin jiharmu, kuma gado nawa ake da shi? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Ku tura wa wanda zai amfana. 🙏🏾