LIKITA BAKWAI, MAI KULA BABU: Darasi Daga Tarihin Medicare

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai ciwo fiye da ɗaya ya san ledar magani. Likitan zuciya ya rubuta nasa, na suga ya rubuta nasa, na ƙoda ya ce a daina wancan, kuma cikinsu babu wanda ya taɓa magana da ɗan'uwansa. Mukan ɗauka talaucinmu ne ya jawo haka. To jama'a, ku biyo ni mu leƙa Amurka, ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya, ku ga yadda ta yi shekara sittin tana kokawa da wannan matsala. Tushen abin tambaya ɗaya ce: a kan wane aiki ake biyan likita?

Ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Tsohon shugaba Harry Truman aka miƙa wa katin farko. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta yaƙi shirin iyakar ƙarfinta, har a 1961 ta sa Ronald Reagan, lokacin yana ɗan fim, ya yi faifai yana tsoratar da jama'a. Don a lallashi likitoci, sai gwamnati ta yarda ta biya kowa gwargwadon abin da ya saba caja, aiki-aiki: duba mara lafiya da kuɗinsa, gwaji da kuɗinsa, tiyata da kuɗinta.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Likita ya yi gwaji goma, kuɗi goma ke nan. Amma ya ɗauki waya ya kira likitan ƙoda su daidaita magani, ko ya zauna da tsohuwa ya zazzage ledarta ya tsame magungunan da ke karo da juna, ko ya sa nas ta bi sawunta bayan sallama, wannan ko sisi. Ladansa sai a Lahira. Alhali shi ne aikin da mai suga da hawan jini ya fi bukata, tunda ciwonsa ba na warkewa ba ne, na lallaɓawa ne.

Kuɗi ya yi ta hauhawa, aka shiga gyara. A 1983, Reagan ɗin nan dai, yanzu yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade wa asibiti kuɗi bisa nau'in ciwo, ko mara lafiya ya kwana uku ko goma. Sai asibitoci suka koyi sallama da wuri. A 1992 aka kawo jadawalin farashin aikin likita, bisa binciken William Hsiao na Jami'ar Harvard, amma duk da haka aikin wuƙa da na'ura ya fi zaman sauraro tsoka. A shekarun 1990 kamfanonin inshora masu zaman kansu suka gwada biya bisa kai, wato kuɗi ƙayyadadde a wata, mutum ya zo ko bai zo ba. Nan kuma riba ta koma ga hana magani, jama'a suka yi ca. A 1997 majalisa ta ce idan jimlar kuɗin ta wuce iyaka za a zaftare wa duk likitoci. Sau 17 tana ɗage zaftarewar, ta soke dokar a 2015. An gudu ba a tsira ba.

Shi tsoho fa, yaya ya ƙare? Wani bincike da ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2007 ya nuna cewa a shekara guda mai katin Medicare yakan ga likitocin yau da kullum biyu da ƙwararru biyar, a wurare huɗu daban-daban. Wani na 2009 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka sallama suna komawa gado kafin kwana 30, kuma rabin waɗanda suka koma bayan jinyar da ba tiyata ba, babu alamar wani likita ya duba su a tsakani. A shekarar ce Dakta Atul Gawande ya rubuta labarin garin McAllen na jihar Teksas, inda Medicare ta kashe kusan dala 15,000 a kan kowane mutum a 2006, ninki biyu na garin El Paso, ba tare da mutanen sun fi lafiya ba.

An gwada ɗauko mai haɗa kan jinyar. A 2002 aka fara gwaji a wurare 15, aka ɗauki nas-nas suna bibiyar tsofaffi. Da aka auna, 13 ba su kawo sauyi a yawan kwanciya asibiti ba, kuma babu wanda ya rage wa gwamnati kashe kuɗi. 'Yan kaɗan da suka nuna alamar nasara su ne waɗanda nas ke ganin mara lafiya ido da ido, kuma ta san likitansa. Buga waya daga nesa bai wadatar ba.

Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta juya akalar. Daga 2012 aka fara cin tarar asibitin da marasa lafiyarsa ke yawan dawowa, aka kuma ba likitoci da asibitoci damar haɗa gungu su ɗauki nauyin wasu mutane, in sun yi rara ba tare da jinya ta lalace ba a raba da su. Sai a Janairun 2015, shekara 50 bayan kafa Medicare, aka fara biyan kuɗin wata-wata na bibiyar mai ciwo biyu ko fiye: kimanin dala 42 a kan aƙalla minti 20. Ko a nan ma likitoci ƙalilan ne suka karɓa da farko, saboda yawan cike-cike, ga shi mara lafiya ma sai ya biya kasonsa.

Me ya sa na kawo wannan dogon tarihi? Saboda hanyoyin biyun nan su muka ɗauko. Inshorar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki a Najeriya a 2005, wadda dokar 2022 ta mayar hukumar NHIA ta kuma wajabta wa kowa, tana biyan asibitin matakin farko bisa kai, tana biyan aikin ƙwararru aiki-aiki. Na farko yana iya sa a ƙi duba ka, na biyu yana iya sa a yi ta duba ka ba dalili. Ba zagin likitoci nake yi ba, mutane ne masu iyali, kuma kowa inda ake biyansa yake karkata. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin kan Baba duk wata, a tambaye shi yaushe rabon da ya auna sugan Baba.

Kafin hukuma ta farga, aikin yana kanmu. A samu littafi ɗaya a rubuta duk maganin da tsoho ke sha, a tafi da shi da ledar gaba ɗaya wajen kowane likita. A tsayar da likita ɗaya da ya san labarin duka, a gida kuma mutum ɗaya mai riƙe da zancen. In an yi sallama, kar a tashi sai an ji ranar dawowa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya ba mu ikon kula da su.