Saniya Ɗaya, 'Yan Tayi Goma: Tarihin Wata Matsala da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa



Kowa ya san cewa saniya, kome kyawun irinta, maraƙi ɗaya take haifa a shekara. Amma a gidan ƙwanta akwai dubban ƙwayaye waɗanda yawancinsu sukan lalace ba su kai ga zama kome ba. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: yaya za a sa saniyar kirki ta saki ƙwai da yawa a lokaci guda, a yi mata baye, sa'an nan a kwashe 'yan tayin a dasa wa waɗansu shanu su haifa mata?

Asalin wannan tunani daga Ingila ne. A 1890 Walter Heape ya ɗauke 'yan tayi daga wata zomanya ya dasa wa wata, ta kuwa haife su lafiya. A 1930 Cole da Hart, a Kalifoniya ta Amurka, suka gano wani sinadari cikin jinin goɗiya mai ciki, wanda ke zaburar da gidan ƙwai. Shi ne aka sani da PMSG. A 1951 kuma masu bincike a Wiskonsin suka ba da labarin maraƙi na farko da aka samu ta hanyar dashe. Bayan 1970 abin ya zama sana'a, don a lokacin manoman Kanada da Amurka suna rububin shanun Turai masu tsada irin su Simmental, kowa yana so ya yawaita nasa da gaggawa.

To, a nan ne matsalar ta fito fili. Sai a yi wa shanu biyu allura iri ɗaya, awo ɗaya, rana ɗaya, wannan ta ba da 'yan tayi ashirin, waccan ko ɗaya. Wani nazari da Looney ya buga a 1986, a kan shanu fiye da 2,000, ya nuna cewa kashi 24 cikin ɗari ba su ba da ɗan tayi mai amfani ba sam, alhali kashi 30 su suka ba da kashi 70 na dukkan abin da aka samu. Ga manomi, wannan caca ce: ya biya magani, ya tanadi shanun da za a dasa wa, ya tashi a tutar babu.

Da fari an ɗora laifin a kan magani. Lalle PMSG yakan yi kwanaki cikin jini, ya ci gaba da zaburarwa bayan an gama bukatarsa. Saboda haka aka koma ga FSH, wanda ake tacewa daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar dabba. Shi kuwa cikin 'yan sa'o'i yake gushewa, sai an yi allura safe da yamma har kwana huɗu. Sakamako ya ɗan gyaru, amma bambancin nan bai tafi ba.

Sa'an nan hankali ya koma kan lokaci. Tun 1960 Rajakoski na ƙasar Finlan ya ce 'yan jakunkunan da ƙwai ke girma a cikinsu rukuni-rukuni suke tasowa. Sai a 1988, da aka sami na'urar ɗaukar hoton ciki, aka tabbatar da haka: rukuni biyu ko uku ke tasowa tsakanin wannan neman sa da na gaba, kuma a kowane rukuni jaka ɗaya takan yi girma ta danne sauran. Wanda ya fara allura daidai tasowar rukuni ya fi samu.

Amsar da ta fi ƙarfi ta zo ne bayan shekarar 2000. Masana a Jami'ar Jihar Mishigan suka nuna cewa yawan 'yan jakunkunan nan ya bambanta ƙwarai tsakanin saniya da saniya, amma a jikin saniya ɗaya kusan ba ya sakewa. A 2009 masu bincike a Faransa suka nuna cewa awon sinadarin AMH cikin jini yana nuna wadda za ta ba da da yawa. Watau magani ba ya ƙirƙiro ƙwai. Abin da ya tarar shi yake rainowa.

Iri ma yana da nasa tasiri. Shanu masu tozo, kamar Nelore na Barazil, sun fi na Turai yawan jakunkuna, shi ya sa dabarar zuƙo ƙwai a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji ta bunƙasa a can. A 2016 'yan tayin da aka samar ta wannan hanya a duniya suka zarce na tsohuwar hanya. Bunaji da Rahaji da Gudali namu dangin masu tozon nan ne, don haka kada mu ɗauki awon maganin da aka yanka wa shanun Turai mu ɗora musu ba gwaji.

A taƙaice, bayan shekaru masu yawa matsakaicin abin da ake samu bai wuce 'yan tayi shida ko bakwai ba a kwasa ɗaya. Abin da aka ƙaru da shi shi ne sanin saniyar da za a zaɓa tun kafin a kashe kuɗi.