Dusar Ƙanƙara a Kanbara: Hoto Ɗaya, Hannuwa Da Yawa

Yau tarihinmu zai kai mu can ƙasar Japan, zamanin da ake kiran birnin Tokiyo da suna Edo.

Wajen shekarar 1833 wani mai zane, Hiroshige, ya fitar da hotunan zanguna 53 da ke kan hanyar Edo zuwa Kiyoto. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a ciki shi ne na garin Kanbara: dare ya yi, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidaje da duwatsu, mutum uku suna tafe a duƙe saboda sanyi. Abin mamaki, Kanbara gari ne mai ɗumi a bakin teku, da wuya ƙanƙara ta kwanta a can.

To, yaya ake buga hoton? Mai zane ya zana a takarda. Masassaƙi ya manna ta a kan allon itacen ceri, ya sassaƙe, kowane launi da allonsa. Sannan mai bugawa ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza da wani ɗan faifai mai suna baren. Ita ƙanƙarar kuwa ba a sa mata launi ba, farin takardar ne aka bari.

Ga inda maganar take. Duhun sararin sama da hannu ake shafa shi a kan jiƙaƙƙen allo, takarda bayan takarda, don haka babu biyu da suka zo daidai. A bugun farko duhun daga can sama ya sauko. A na baya kuwa daga ƙasa ya taso, ta bayan duwatsu. Allon ma yana cinyewa, layuka su dusashe. Shi ya sa masana ke bambanta bugu da bugu, kuɗinsu ma ba ɗaya ba.

Amma duba takardar: ga sunan Hiroshige, ga hatimin mai kamfani, babu sunan wanda ya murza. Uwargida mai ɗinkin hula a cikin gida ta san wannan, hula ta yi suna a kasuwa ba a san hannun da ya yi ta ba. Sai dai wanda ya san aiki, da ya duba zai gane hannun gwani.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.