Kujerar Mai Jinya

Ranar da na kama aiki, a 1985, motar da aka nuna mini wata doguwar Fijo 504 ce fara, an cire kujerun baya an kafa gadon ƙarfe. Abin da ke cikin akwatin magani bai wuce bandeji da auduga da aidin da almakashi ba. A gefen gadon akwai wata 'yar kujera ta katako da aka ɗaure da waya don kada ta riƙa zamewa, ita ce ta mai jinya. Ni kuwa a gaba nake zama kusa da direba, domin a wancan zamani ba wanda ya ɗauka akwai wani aikin da za a yi wa mara lafiya kafin a isa asibiti.

Motar gawa mutanen gari suke kiranta, kuma suna da hujja. Yawancin fitarmu kai mamaci gida ne ko ƙauye, sai kuma ɗaukar wanda ƙaramin asibiti ya tura babba. Da mun tsaya a ƙofar gida mata sun fara salati tun kafin a buɗe bayan mota. Wanda haɗari ya rutsa da shi a hanyar Zariya, a Kwanar Ɗangora ko Tashar Yari, ba mu ke ɗauko shi ba. Direbobin haya da 'yan kamasho da masu shayin bakin titi ne ke zaro shi, a kama hannu da ƙafa a sa shi a bayan a-kori-kura. Allah ya saka musu, sun ceci rayuka masu yawa. Amma na san mutanen da suka ƙare a keken guragu bayan doguwar jinya a asibitin ƙashi na Dala, waɗanda a hannun masu taimako lakarsu ta ƙarasa tsinkewa, saboda ba wanda ya taɓa koya wa kowa yadda ake riƙe wuyan wanda ya ji rauni.

Sauyi na farko da na gani da idona ya zo a 1988, lokacin da gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta. Daga nan aka samu ma'aikaci mai kaki wanda aikinsa ne ya je inda abin ya faru ya ɗauko mutum da ransa. Daga baya suka kafa ƙananan asibitocin bakin hanya da motoci masu jiran kira, suka kuma fito da lambar 122. Hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, ta biyo baya a 1999. Kafin su duka akwai Red Cross, wadda doka ta amince da ita tun 1960, akwai kuma 'yan agajin Jama'atu da na Fityanu da na Izala, waɗanda ba su da albashi, amma da wuya na isa wurin wata musiba ban tarar da su sun riga ni ba.

Kano ta koya mana sauran aikin a ranakun da ba ma son tunawa. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗo kan gidajen Gwammaja. Ranar 20 ga Janairu 2012 aka kai hare-haren da suka ci sama da mutum 180. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a Babban Masallacin Juma'a. A irin waɗannan ranaku na koyi abin da ya fi komai nauyi a sana'ar nan: wanda ke ihu yana da numfashi, zai iya jira, wanda ya yi shiru shi ake fara dubawa. Wani kuma ka duba shi ka san ba zai kai asibiti ba, sai ka laƙƙana masa kalmar shahada ka wuce ga na kusa da shi, ɗan'uwansa na riƙe da rigarka.

A karkara labarin na mata ne. Doguwar naƙuda, jijjiga, zubar jini bayan haihuwa, a ɗora mace kan amalanken shanu cikin dare a nufi titi. Wajen ƙarshen shekarun 2000 aka shiga yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohin Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, aka horar da direbobin tasha su riƙa ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci, kuɗin mai kawai za a ba su. Jigawa ta ƙara da shirinta na Haihuwa Lafiya. A ganina Arewa ba ta taɓa yin tsarin ɗaukar mara lafiya da ya dace da ita kamar wannan ba, domin direban ɗan garin ne, ya san hanya da damina, mijin kuma ya san shi, ba sai an tsaya neman izini har jini ya ƙare ba.

Dokoki sun zo a makare, amma sun zo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ya kori wanda ke bukatar agajin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko don wannan aiki. Dokar 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 aka fara tsarin motocin agajin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, daga Abuja. Yanzu akwai motoci masu oksijin da na'urar farfaɗo da zuciya, akwai lambar 112. Duk da haka, daren da tankar mai ta kama wuta a Majiya cikin Oktoban 2024, ta ci sama da mutum 150, an sake ganin yadda motocin suka yi mana kaɗan.

Duk wannan tarihin mai kwance a kan gado ne. Wanda ke zaune a kan kujerar nan ta gefe, har yau ba a rubuta masa komai ba.

Ban san da zamansa sosai ba sai da aka dawo da ni baya. Danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, wanda likitocin Baltimo a Amurka suka bayyana tun 1960, sai da na shekara kusan ashirin ina aiki sannan aka koya mana shi yadda ya kamata: dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintuna. Daga nan wurina ya koma gefen gado, gwiwata na gogar gwiwar mai jinya. Idan mara lafiyar tsoho ne, sau da yawa matarsa ce a kujerar. Idan tsohuwa ce, mijin kan tura 'yarsa, shi ya biyo a babur, kunya ba ta barinsa ya shiga.

Wata asuba da hunturu aka kira mu wata unguwa a cikin gari. Lungun bai ɗaukar mota, samari suka fito da dattijon a kan tabarma, ɓarin jikinsa ya shanye, numfashinsa na fita da gurnani. Matarsa ta biyo su lulluɓe da mayafi, tana riƙe da hularsa da carbinsa da takalmansa, kamar yadda ake riƙe kayan mutumin da zai dawo gida da ƙafarsa. A hanya take gaya mini, ba tare da na tambaya ba, cewa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano aka kawo ta gidansa. Na lissafa daga 1956, shekara hamsin da 'yan kai ke nan. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunansa ba, Malam kawai take cewa.

Ba mu yi nisa ba gurnanin ya tsaya. Na hau danna ƙirji. Ƙa'idarmu ita ce likita ne ke tabbatar da rasuwa, mu namu mu kai. Ta ce, "Ɗan nan, ya cika ko?" Na ce, "Iya, mu dai ƙarasa asibiti." Ta ce, "Kada ka ɓoye mini. Na san numfashinsa." Ta miƙa hannu ta shafa idanunsa ta rufe, ta gyara masa wuyan riga. Ina jin wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta taɓa jikinsa a gaban baƙo. Sannan ta ce in gaya wa direba ya kashe jiniya, Malam ba ya son hayaniya. Direbana ya kashe. Muka ƙarasa hanyar shiru, hular tana kan cinyarta.

Ba a yi wata biyar ba muka koma lungun nan ɗaukar ta. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san wannan komawar. Wani likitan Ingila, Colin Murray Parkes, ya wallafa bincike a 1969 kan maza 4,486 da matansu suka rasu, ya gano cewa a watanni shida na farko mutuwa a cikinsu ta zarce yadda aka saba gani da kashi 40 cikin 100, yawanci ta ciwon zuciya. Likitocin Japan kuma a 1990 suka bayyana wani ciwo da suke kira takotsubo, inda tsananin tashin hankali ke raunana tsokar zuciya har ta yi kama da ta wanda jijiyar jininsa ta toshe, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Tsofaffinmu dama sukan ce wance ta bi mijinta.

Mace tana da takaba, wata huɗu da kwana goma. Akwai wahala a ciki, amma kowa ya san halin da take ciki, mata na shiga suna fita, ana kawo mata abinci. Namiji kuwa da an yi sadakar uku an watse, kafin arba'in abokai sun fara yi masa maganar sabon aure. Dattijon da ya shekara hamsin uwargida na ƙirga masa ƙwayoyin hawan jini tana ajiyewa kusa da kokonsa, ranar da ta rasu ranar ya daina shan magani, ba don ya ƙi ba, bai ma san wace ce ta safe wace ce ta dare ba. Irinsu na ɗauka da yawa.

Mu ma'aikata fa? Bayan kowace fita direba ya ɗebo ruwa da omo ya wanke bayan mota, ni in cike takarda, mu sha shayi, mu jira kira na gaba. In ka nuna abin ya taɓa ka, sai a ce aikin lada ne, ka yi haƙuri. Gaskiya ne, kuma haƙurin nan da tawakkali su suka riƙe ni shekara 35. Amma na ga abokan aiki da barci ya ƙaurace musu, na ga masu faɗa da iyali ba dalili, na ga wanda ya koma shan ƙwaya don ya runtsa. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa suka sanya wa wannan ciwo na bayan firgici suna a littattafansu. A nan kuwa ba ma'aikacin da zai yarda a gan shi a ƙofar asibitin Dawanau, kada a ce ya taɓu. Ban ga inda addini ya ce a haɗiye baƙin ciki har ya zama cuta ba. Shekarar da Nana Khadija ta rasu, bayan kimanin shekara 25 tana tare da Manzon Allah (SAW), malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta, ba su ɓoye sunan ba.

Na yi ritaya a 2020. Shekara ɗaya bayan nan, ana idar da sallar magariba, uwar 'ya'yana ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Auren saurayi da budurwa muka yi, shekararmu 34. Na kira mota, aka ce tana wani wurin. Na kira tsohon direbana, wanda muka yi fiye da shekara ashirin tare, ya aro motar maƙwabcinsa ya zo. Na danna ƙirjinta tun daga gida har ƙofar asibiti, hannuna na yin abin da ya sani, ni kuma na riga na san numfashin, kamar yadda tsohuwar nan ta sani.

Da za a mai da ita gida aka ba mu motar asibiti, sabuwa fil, da duk kayan da na yi shekaru ina mafarkin samu. Na zauna a kujerar mai jinya, mayafinta da takalmanta a hannuna. Yaron da ke aiki a motar ya zauna yana fuskantata, ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi ta juya takarda. Ban ga laifinsa ba. An koya masa sa robar numfashi da karanta na'ura, ba a koya masa abin da zai ce da ni ba, kamar yadda ni ma ba a koya mini ba. Direbana bai yi mini wani dogon jawabi ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna tare da ni a zaure har magariba, ya yi haka har bayan arba'in, kuma shi ne ya lura na daina shan maganina.

Ina roƙon masu tsara NEMSAS da ma'aikatun lafiya na jihohi da makarantun koyon aikin jinya su sa wannan a cikin horo: yadda ake gaya wa mutum abokin zamansa ya rasu, yadda ake barinsa ya taɓa shi, da lokacin da ya kamata a kashe jiniya. A kuma samar wa ma'aikatan motar wanda za su zauna da shi su yi magana bayan mummunar fita, ba tare da an rubuta a fayil ɗinsu ba. Kai kuma mai karatu, in ka ji jiniya a bayanka ka kauce, akwai mutum biyu a ciki. In kuma ka san dattijon da uwargidansa ta rasu bana, ka leƙa shi bayan an watse, ka duba ko yana cin abinci, ka ƙirga masa maganinsa.