ALHAJI AMINU ƊANTATA: ƊAN KASUWAR DA YA ZAUNA A KUJERAR BANKI

Jama'a, mu da neman abinci ya kawo mu Abuja daga Kano, Katsina, Zariya da sauran garuruwa, ya kamata mu san tarihin magabatanmu a sana'a, don abin da ke damunmu yau a kasuwannin Wuse da Dei-Dei ya dame su tun kafin a aza tubalin garin nan.

Mahaifinsa, Alhaji Alhassan Ɗantata, Ba'agale ne ɗan Bebeji, kuma shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunta kamar mu, wajen fataucin goro a Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano sai ya koma cinikin gyaɗa. A 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, an ce lodin raƙumi 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya. To, ku lura, ajiya kawai ya kai. Su wa za a ba rance, su wa za a hana, wannan yana hannun Bature.

An haifi Aminu a 1931, ya yi karatun allo da na boko, ya fara aiki a gidan mahaifinsa a matsayin mai sayen gyaɗa a 1948. Alhassan ya rasu a 1955, sannan a 1960, shekarar samun 'yancin kai, yayansa Ahmadu ya rasu, ragamar kamfanin ta dawo hannun Aminu yana ɗan shekara 29.

Ƙasa sabuwa, kuɗi kuwa na tsofaffin iyayengiji. Dillalin gyaɗa sai ya raba jari ga yaransa na ƙauyuka kafin kaka, shi kuwa jarin daga banki yake fitowa, banki kuma kamfanonin Turawa ya sani, bai san mai babbar riga ba. Amanar da ke tsakanin maigida da yaronsa ba ta da takarda, banki kuwa takarda kawai yake gani. Nan ne Alhaji Aminu ya yi dabara: bai yar da amana ba, amma ya haɗa ta da rajista da littafin lissafi. Najeriya ta zama jamhuriya a 1963, da aka kafa Bankin Raya Masana'antu a 1964 kuwa sai ga shi cikin daraktoci. Ɗan mai ajiya ya hau teburin masu ba da rance.

Daga 1968 zuwa 1973 ya riƙe kwamishinan ciniki da masana'antu a gwamnatin Audu Bako. Da fari da cuta suka kashe gyaɗa a shekarun 1970, dalar gyaɗa ta ɓace, attajirai da dama sun karye, amma shi ya riga ya shiga gine-gine da hannun jari a masana'antu, daga baya har da man fetur. Sai maganar riba, wadda ta sa da yawanmu ke gudun banki. Yana cikin dattawan da suka tsaya da dukiyarsu aka kafa Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da hedikwata a nan Abuja. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 2025, aka binne shi a Madina.

Yanzu mu dubi kanmu. Shago nawa aka rufe a garin nan daga rasuwar maigida, don bashin da yake bi da wanda ake binsa duk a kansa suke? Magada su kwashi gawa a tafi gida, jari ya narke, marayu su tashi babu komai. Alhali tun muna Islamiyya aka koya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Gidan Ɗantata ya haura shekara 100 yana ciniki. Mu sayi littafi, mu yi rajista, mu zaunar da 'ya'yanmu su san lissafi tun muna da rai.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa albarka a nemanmu, amin.