Takarda Mai Wata Uku

Duk wanda ya sami damar zaro warƙa ɗaya daga tsofaffin littattafan da ke ajiye a gidajen malaman Damagaram ko Agadas, ya ɗaga ta wajen hasken rana, sau da yawa zai ga wata alama ɓoye cikin jikinta: jinjirin wata guda uku a jere, babba, matsakaici da ƙarami. Ba alƙalami ya zana su ba. Da siririyar waya aka ɗinka siffar a kan rariyar da ake tace takardar tun tana kunu, wurin ya yi shara-shara, haske ke ratsa shi. Turawan Italiya suna kiran ta tre lune, wato wata uku.

Ƙasar Hausa ta saƙa tufa, ta jeme fata, ta narka tama, amma ba ta yi sana'ar takarda ba. Sunan kansa baƙo ne. Daga bakin Abzinawa ya shigo, kuma saiwarsa ɗaya da kalmar carte da ƴan lakol ke karantawa a Faransanci. Alƙalami da tawada kuwa asalinsu Larabci ne. Ana yin mai wata uku a arewa maso gabashin Italiya, yankin Banis, kuma gidan da ya fi suna a ƙarni na 19 shi ne na iyalin Galvani, a kewayen garin Pordenone. Jirgin ruwa ke kai ta Tarabulus, raƙuma su ɗauka ta Gadamas da Gat, su ratso Abzin zuwa Damagaram da Kano. Heinrich Barth ya tarar da ita a kasuwar Kano a 1851, har ya lura cewa da ita ake naɗe baƙaƙen turamen da aka buga. Ashe abin da malami ke tattali, a wajen fatake marufi ne.

Tun kafin ta iso nan, malaman Malikiyya sun yi gardama a kanta. Takardar Turawa da danƙon dabba ake shafe ta, wani lokaci ma alamar da ke cikinta gicciye ce. Shin ya halatta a rubuta sunan Allah a kai? A 1409 Ibn Marzuk, malamin Tilimsan, ya ba da doguwar fatawa cewa ya halatta, al-Wansharisi kuma ya adana ta cikin Mi'iyar. Masu masana'antar Italiya su ma ba su yi barci ba: da suka ga girman kasuwar Daular Usmaniyya, sai suka riƙa sa wata a inda dā suke sa gicciye.

Abin da ya sa marubuta suka riƙe ta ba alamar ba ce, jikinta ne. Da tsummokaran lilin ake yin ta, ba da itace ba, don haka zarenta dogo ne, tana jure naɗi da buɗi. Danƙon da aka shafa mata yana hana tawada nutsewa ta bazu, gugar da aka yi mata kuma tana sa bakin alƙalami ya zame ba tare da tuntuɓe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rubutun Barno ko na Kano. Hannun nan mai kauri ne, baƙaƙensa a tsaye suke da faɗin ƙafa, kowane harafi yana shan tawada mai yawa. In takarda mai ƙishi ce, cikin mimi da wawu sai ya toshe, abin ya fito ta baya ya ɓata ɗaya shafin. In kuwa santsinta ya wuce kima, tawada ba ta kamawa, hannun riga kaɗai ya isa ya share aikin yini.

Rubutun ɗan gidan Magariba ne, shi ya sa fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin bugun Masar. Tsufansa a wannan yanki tabbatacce ne, domin A. D. H. Bivar ya bayyana wani Alƙur'anin Barno mai ɗauke da shekarar 1080 ta Hijira, daidai da 1669, kuma hannun da ke ciki ya riga ya nuna.

Tawada ma iri biyu ce, kuma almajirin da ya haɗa su ya sha faɗa. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yin ta, don a wanke. Ta takarda, yambari, daga ƴaƴan bagaruwa ake jiƙo ta da ƙarfe, a sa ƙaro. Tana cizon takarda ta zauna har jikoki. Sai dai in ƙarfen ya yi yawa, bayan shekaru ita ce ke cinye harafin ta bar rami mai siffarsa. Gwani kan fere alƙalamin gamba, ya gama baƙi tukuna, sannan ya dawo da ja ya sa wasali, ya bi hamza da rawaya bisa ƙa'idar Warshu. Shafi ɗaya ke nan ana komawa kansa sau uku ko huɗu, kuma takarda marar ƙwari ba ta kai ƙarshen wannan hidima. Ba a ɗinke warƙoƙin. A ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa don kada jeri ya rikice, a haɗa cikin tadarishi, a zura cikin gafaka.

Hanyar hamada ta mutu cikin ƴan shekaru. Faransa ta kama Damagaram a 1899. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, dogo kuma ya iso Kano. Kaya suka koma shigowa ta teku, takardar inji da ake yi da itace ta cika kasuwa. Tana da arha, amma tsamin da ke cikinta yana sa ta ja, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Shi ya sa ake iya samun littafin zamanin Sarki Tanimun yana nan garau, na shekarun 1950 kuwa yana zuba a hannu.

A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar IRSH, wanda ya tashi daga tarin da Boubou Hama ya fara, yana riƙe da dubban irin waɗannan littattafai, akasarinsu ba kwanan wata. Nan alamar cikin takarda ke zama shaida, kuma shaidarta ba kullum take daɗi ba. Gidaje da yawa suna da littafin da ake cewa Shehu Usmanu ne ya rubuta da hannunsa. Shehu ya rasu a 1817. In aka ɗaga warƙa aka karanta cikakken sunan Andrea Galvani da na garin Pordenone, to takardar ta bayan zamaninsa ce, hannun kuma na wani almajiri ne da ya kwafa bai sa sunansa ba.